Tabar Garbai da Waken Masar na Yabawa

"Ina kwana, ina azumi, ina sanyin kwari?"

"Azumi da godiya. Sanyi kuwa ya fi ka kirki, shi ya zo a kan lokacinsa."

"Ai ban gama gaisuwar ba, Yabawa."

"Riƙe sauran ka kai wa jakinka. Ina tabata?"

Hantsi ne, ran sha bakwai ga watan azumi, a wani kwari gabas da Gure, inda tuddan rairayi suka kewaye ƙasa mai damshi, da dabino da goruba da rijiyoyin da ba su wuce gaba biyu ba. A nan Yabawa take da lambu, a gefen lambun kuma akwai itatuwan waken Masar goma sha ɗaya da suka fi ta tsawo. Mijinta marigayi, Alhaji Fannami, shi ya zo da irin daga hanyar Makka, ƙulle a bakin rawaninsa, bayan shekara bakwai yana tafiya a ƙasa. Duk faɗin Gure ba wanda ke da wannan wake sai ita. Alhaji ya shuka, ya ci sau ɗaya, Allah ya karɓi abinsa. Shekara biyu a jere tsutsa tana riga Yabawa zuwa ga ƙwaya, ko cikin tafin hannu ba ta ajiye ba. Yanzu itatuwan sun tsufa, gindinsu ya fara tsagewa. In bana ba su ba da iri ba, waken Alhaji ya bi Alhaji.

Wanda ke tsaye a bakin shinge da jaki kuwa Garbai ne, ɗan gwaggonta, taubashinta tun suna tsirara. Mai amya ne, zumarsa na rataye a itatuwan gawo bayan tudu, kuma mashayin taba ne wanda haƙoransa suka rine. Tun farkon Sha'aban ta aike shi kasuwar Gure da kwandon dabino ya musanyo mata baƙar taba mai ƙarfi, wadda za ta jiƙa ta yayyafa wa waken. Daga ranar ba ta sake sa shi a ido ba sai yau.

"Tabarki tana gaishe ki," in ji Garbai.

"Daga ina? Daga cikin tumbinka?"

"Haba ƴar kawu. Ni da nake azumi?"

"Kai da kake azumi kwana sha bakwai. Sha'aban fa? Shi ma azumtarsa ka yi?"

"Ki bari in ba ki labari. Da na fito kasuwa, sai tabar ta ce da ni, Garbai, ni daga Damagaram aka kawo ni, ban taɓa ganin Bune ba, ka kai ni in gai da dangi."

"Taba ta yi magana."

"Da Barbarci ma. Hausarta ba ta nuna ba, kamar taki."

"Hausata ta fi gemunka tsafta. To da kuka je Bune?"

"Sai jakina ya ga wata jaka, ya ce shi ba ya dawowa sai an ɗaura. Kin san ni da zumunci. Na tsaya na yi masa walicci."

"Daidai ne, dangin ango ai ba sa rasa biki. Kai ne babban wansa, kamannin ma ba su ɓuya ba."

"Kunnen ne kawai ya fi ni."

"Da hankali. Shi ko ba komai ya san hanyar gida."

Wasa wasa ne, amma ranar da Yabawa take jira ta wuce da wata guda da kwana biyu. Ta ɗauki sandar korar awaki ta nuna shi da ita.

"Garbai, bawan gidanmu, wanda kakana ya samu a gindin goruba yana tsotsar ƙwallo, ka san abin da ka yi mini? Da bakinsa Alhaji ya ce, Yabawa, ran sha biyar ga Sha'aban ake yayyafa wa waken nan ruwan taba. Shekara biyu ban kuskure ranar ba, ko da zazzaɓi. Bana na zauna a bakin rijiyar nan tun asuba har faɗuwar rana ina duban tudu, ko zan ga hular banzan nan taka ta ɓullo. Ka kashe mini waken Alhaji!"

"Bawan gidanku? Ni da uwata ta goyi ubanki? Ke ce baiwata, da ke aka biya ta ladan goyo. Amma tsaya. Shekara biyun da ba ki kuskure ba, wake nawa kika ci?"

"Wannan ba ruwanka."

"Na ji an ce tsutsotsin kwarin nan sun yi taro sun naɗa ki sarauniya. Wai ba a taɓa yin mai kula da baƙi irinki ba. Kina wanke musu ɗaki tas da ruwan taba wata guda kafin su iso, su zo su tarar wari ya tafi, shimfiɗa ta bushe."

"Allah ya sa su kwana a gemunka."

"Sun gwada, tabar ta kore su. Kin ga shaida ke nan maganin yana ci, mai maganin ce ba ta san rana ba."

Ya ɗaure jakin a jikin goruba, ya sauke wani babban tulu da aka toshe bakinsa da tsumma. Ko da ya cire tsumman, sai wani wari mai hawa ka ya bugi Yabawa har ta ja da baya tana tari. Ruwa ne baƙi ƙirin, ganyen taba na yawo a kai, da kumfar sabulun salo.

"Tun jiya da azahar na jiƙa ta," in ji shi. "Ko ganye ɗaya ban taɓa ba. Kwana arba'in da wani abu tana rataye a saman shimfiɗata tana kirana da sunan yaranta, ina toshe kunne. In ba a ba ni aljanna don azumi ba, a ba ni don wannan."

"Yanzu me zan yi da ita? In yi wa gawa wanka?"

"Ke dai zo ki ga gawar."

Ya wuce gaba ta bi shi da sandarta. Kwana shida rabonta da zuwa gefen waken, don ba ta son ganin abin da ta ɗauka ya riga ya lalace. Da suka zagaya bayan kunyar albasa sai ta tsaya cik. Itatuwan nan sha ɗaya sun yi fure. Rawaya ne mai jan baya, reshe bisa reshe, kamar an watsa musu gari na zinariya, ƙudan zuma kuwa sai kai da kawowa suke, kwarin duka ya ɗauki gunjinsu.

"La ilaha illallahu! Garbai! Sun yi fure! Dubi wancan na ƙarshe, da na ce ya mutu! Dubi, dubi!"

"Ni na gani tun shekaranjiya, ban ma zo ba."

"Ƙaryarka ta sha ƙarya. Daga bayan tudu?"

"Ƴaƴana suka gaya mini. Na zauna gindin amya na ga suna dawowa ƙafafunsu rawaya shar, kamar matan Gure sun fito gidan lalle. Na ce to, a duk kwarin nan ba mai fure da sanyin nan sai waken tsohuwar can mai faɗa. Washegari na tashi na jiƙa taba."

Yabawa ba ta tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ta yar da sanda, ta ruga bukka ta fito da ƙwarya da sabuwar tsintsiya, zaninta na kama iska, ta nufi tulun kamar yarinya. Garbai ya riga ta, ya zauna daram a bakin tulun ya harɗe ƙafa.

"Tashi!"

"Ba inda za ni."

"Tashi, ko in haɗa da kai in yayyafa, dama kai ne babbar tsutsar gidanmu!"

"In kin watsa mini ba ki yi ɓarna ba, zan buɗe baki in tare. Amma yanzu ba za ki taɓa ruwan nan ba sai rana ta sunkuya."

"Wata guda ka sa na jira, yanzu kuma wuni?"

"Ke ba ki ga baƙi a kan furen ba? Ƴaƴana dubu suna cin abinci, ki zuba musu taba a ka? Su mutu, wa zai ɗaura wa furenki aure? Ke? Da wannan hancin za ki bi su ɗaya ɗaya?"

"Hancina ya fi naka, naka kamar an taka gurasa."

"Na biyu kuma, ruwan nan da zafin rana ƙone fure yake, ya bushe kafin ya yi aiki. Mai ɓarnar ma ba ta fitowa sai magariba. Wata ƴar ƙwaro ce mai fiffike ruwan ƙasa, ba ta da kyan gani, ba ta da sallama, ta yi kama da wata da na sani. Ita ke bin fure tana ajiye ƙwai. Zo ki gani, in tsufa ya bar miki ido."

Bai tashi daga kan tulun ba sai da ta rantse ba za ta taɓa ba. Sannan ya jawo reshe ɗaya a hankali, ya juya wani toho da bai gama buɗewa ba. Yabawa ta matso har numfashinta na motsa furen. Ga wasu ɗigo farare, ba su kai ƙwayar gero ba, manne a jikin tohon. A wani furen kuma wata ƴar tsutsa siririya kamar zaren ɗinki tana rarrafe.

"Kin gan ta? Yau tana waje, tsirara, ba ta da gida. Yau ruwan taba zai same ta. Ki ba ta kwana goma, wake ya fito, ta huda ta shige ta rufe ƙofa, ko tafkin Chadi kika juye mata ba ta san kina yi ba. In kuma kin yi tun babu fure, ganye kika wanke wa awaki."

Garbai ya saki reshen. Yabawa ta zauna a kan bakin rijiya, tsintsiyar a cinyarta.

"Amma Alhaji ya ce sha biyar ga Sha'aban," ta faɗa, muryarta ta sauka. "Mutumin da ya taka har Makka ba zai yi kuskuren rana ba. Maganarsa ta ƙarshe ke nan a kan lambun nan, Garbai. In na sake ta, me ya rage mini da na riƙe?"

Garbai ya cire hula ya sosa ƙeya. Ya zauna nesa kaɗan da ita a kan turmin da aka kife.

"Alhaji Fannami bai yi kuskure ba, kuskure ɗaya ya yi a duniya, ranar da ya zo neman aurenki. Na gaya masa bai ji ba. Ke, azumin da muka fara yi muna yara, da wane lokaci ne?"

"Da damina. Har ka ɓuya a gonar kawu Ibram kana shan ruwan kududdufi, ka ce alwala kake."

"Alwalar ciki ce. To yau da wane lokaci muke azumi?"

"Da sanyi."

"To kin gani. Wata tafiya yake, kowace shekara yana matsowa da kwana goma da ɗoriya, ya bar damina a baya, ya bar rani a baya. Wake kuwa ba ya zuwa masallaci ya tambayi liman kwanan wata. Shi sanyi ya sani, da gajartar rana. Ranar da Alhaji ya gaya miki maganar nan, kina ina?"

"Nan. Gindin wancan na tsakiya."

"Me ke bisa kansa?"

Yabawa ta ɗaga kai ta dubi itacen. Ranar ta dawo mata gaba ɗaya: Alhaji da ƙwarya a hannu, rigarsa a naɗe, rana ta yi ja a kan tudu, da wani abu da ya faɗo cikin furar da ta kawo masa, ya sa yatsa ya tsamo ya maƙala mata a ɗankwali yana dariya.

"Fure," ta ce a hankali. "Har ɗaya ya faɗa cikin fura."

"Bara da kika yi naki yayyafin fa?"

"Ganye ne zalla." Ta rufe fuska da tafin hannu, sai kuma ta ɗago da sauri. "To don me ba ka gaya mini ba tun bara, mugu, baƙin bawa?"

"Na gaya miki! Kika ce mai kiwon ƙuda ba zai gyara maganar Alhaji ba, kika bi ni da muciya har bakin tudu. Har yau in sanyi ya yi kafaɗar nan tana ambaton sunanki. Shi ya sa bana na ce ba zan yi gardama da muciya ba, taba zan sace."

"Da na san haka ne da na ƙara maka biyu."

"Kin ji godiyar ƴan gidan kawu."

Wunin nan Yabawa ba ta taɓa ganin mai tsawonsa ba. Sau uku tana tashi ta dubi rana ta dawo. Ta tace ruwan da tsohon mayafi, ta sirka shi da na rijiya yadda Garbai ya nuna, har ya koma kalar jan shayi. Ta auna inuwar goruba da ƙafa, ta ce ta kai, ya ce ba ta kai ba. Ta ce ƙudan nasa ba su da tarbiyya, baƙon kirki ba ya wuni a gidan mutane. Ya ce sun gaji uwar ɗakinsu ne, wadda in ta je barka sai an yi suna take tafiya. Shi kuwa duk sanda iska ta kaɗo warin tulun sai ya lumshe ido ya yi salati, ta ce ta ga maƙogwaronsa ya motsa, azuminsa ya karye, ya ce hanci ba ya cikin abin da malamai suka lissafa.

Da rana ta taɓa kan tudu, gunjin ya fara raguwa. Ƙudan suka tashi kaɗan kaɗan suka bi bayan gawo, har kwarin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kurciya.

"Yanzu!" in ji Garbai.

Yabawa ta tsoma tsintsiya ta watsa. Ruwan ya tashi ya sauka a kan furen kamar yayyafin farkon damina.

"Ta ƙasa, ta ƙasa! A bayan fure take ɓuya! Ke shara kike ko wanka?"

"Rufe mini baki ka riƙe ƙwarya daidai, kana zubar da rabi!"

"Hannuna rawa yake, warin nan zai kashe ni da raina!"

Suka bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya, ita tana watsawa tana kiran sunan Allah, shi yana biye da ƙwarya yana kukan ƙarya. Suna kan na goma aka ji kiran salla daga can cikin gari, siriri, iska na kawo shi tana mayarwa. Yabawa ta kwance bakin zani ta miƙa masa dabino uku. Ya ci, ya sha ruwa, ya dubi itace na sha ɗaya, ya dubi sauran ruwan da ke cikin ƙwarya.

"Ƴar kawu, wannan na ƙarshen dogo ne, tsintsiya ba za ta kai kansa ba. Alhaji da baki yake fesa wa na sama, na gani da idona."

"Alhaji bai taɓa sa taba a baki ba."

"To ni zan fara a madadinsa."

Kafin ta hana ya guntsi ruwan ya cika kumatu, ya ɗaga kai ya fesa. Rabi ya hau fure, rabi ya dawo masa a fuska. Ya shiga tari da atishawa, hawaye na bin gemu, kumfar sabulu a leɓe, yana cewa wa ya sa sabulu a cikin abin arziki. Yabawa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, dariyar da rabonta da ita tun kafin takaba.

"Kai ka sa, da hannunka! Allah ya kama ɓarawo!"

"Bayan kwana bakwai a sake," ya faɗa yana share ido. "Na rage rabin ganyen a gida. Sai kuma sau ɗaya in wake ya fito kamar farce. Amma wancan karon ba sabulu."

"Da sabulu, har da barkono."

Salla ta zo ta wuce. Sanyi ya yi ƙarfi ya fara sassautawa. Wata safiya Garbai yana gindin gawo yana gyaran amya, sai ga Yabawa ta gangaro daga tudu da faifai a ka, tana tafe tana haki.

"Sannu da zuwa, sarauniyar tsutsa. Talakawanki sun kore ki?"

Ta sauke faifan a gabansa. Busassun kwanson wake ne, ruwan ƙasa, suna ƙara in an taɓa. Ta ɗauki ɗaya ta matsa da babban yatsa, ya fashe, ƙwaya biyar suka gangaro tafinta, masu sheƙi, ba huda ko ɗaya. Ta fasa na biyu, ta fasa na uku.

"Tulu biyu na cika," ta ce. "Na toshe da toka. Wanda ka yi wa tofi ma ya fi sauran ƴaƴa, ban san me ke cikin bakin nan naka ba."

"Albarka ce, tun ina yaro ake faɗa."

Ta ciro wani ƙulli daga ƙugunta, farin ƙyalle ne da ya tsufa har ya koma ruwan madara. Garbai ya gane shi, bakin rawanin Alhaji ne. Ta ɗora masa a hannu.

"Ka shuka a nan kusa da ƴaƴanka in damina ta sauka. Kada irin ya sake zama a hannun mutum ɗaya, balle mai taurin kai."

Garbai ya juya ƙullin a tafinsa. Sannan ya gyara murya.

"To na karɓa. Sai dai ki tuna mini, uwar ɗakina, yaushe ne ake yayyafin? Sha biyar ga Sha'aban ko?"

Yabawa ta ɗaga faifai kamar za ta kwaɗa masa, dariya ta ƙwace mata, ta sauke.

"Ka ci gardama, bawan banza, ka ci. Ka tambayi ƙudanka. In ƙafarsu ta yi rawaya, ka aiko su su gaya mini."